Noiler 'yan raino da na saya a Samaru: kajin sun yi kyau, amma ba duka ne mata ba

Duk mai son ƙwai a bayan gida, idan zai sayi Noiler (kajin zamani da ake kiwo don nama da ƙwai) 'yan sati huɗu a hannun masu raino, ya sa a ransa akwai zakaru a ciki, ko me aka faɗa masa. Nawa na saye su ne wajen wani mai raino a wajejen Samaru, Zariya. Kajin sun gamsar da ni, alkawarin da ya yi mini kan jinsinsu ne bai cika ba.

Ta fannin raino ba ni da abin cewa sai yabo. 'Yan tsakin sun zo da kuzari, ido garau, gashi a kwance. An yi musu rigakafin cutar Gumboro da kuma Lasota (rigakafin cutar Newcastle), ya kuma rubuta mini ranakun a takarda har da lokacin da zan maimaita. Wanda ya taɓa rainon tsako ɗan kwana ɗaya a hunturun Zariya, da tukunyar gawayi da tashin tsakar dare saboda an ɗauke wuta, ya san wannan ɗawainiyar da aka sauke masa ta cancanci kuɗin. Ko ɗaya bai mutu mini ba. Suna cin abincin kanti, suna cin dusa da ragowar tuwo da ganye, suna kiwo a tsakar gida kamar kajin Hausa, ga saurin girma.

Inda muka samu matsala shi ne wajen zaɓe. Na ce masa ƙwai nake so, mata zai ba ni. Ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, wannan ai sana'ata ce." Sai ya riƙa kama tsako ta ƙafa yana juya kansa ƙasa: wanda ya yi ta fizge-fizge ya ce namiji ne ya mayar, wanda ya yi lamo ya sa mini a kwali. Har ya ɗora ɗan ƙari a kan kuɗin kowane ɗaya saboda zaɓaɓɓu ne. Wannan dabara ba ta nuna komai sai halin tsakon a wannan lokacin. Noiler a gauraye ake sayar da su tun daga wajen ƙyanƙyasa, kuma launinsu iri-iri ne, baƙi da ja da wake-wake, don haka launi ma ba ya raba gardama. Kajin ƙwai jajaye irin ISA Brown ne ake bambancewa da ido tun ranar farko, mace ja-ja, namiji fari-fari. Irin su Noiler kuwa sai ƙwararru masu duba dubura a ranar ƙyanƙyasa, aikin da sai an koye shi sosai.

Tun suna sati shida zuwa takwas na fara ganin wasu zankonsu ya tasa ya yi jawur, naman ƙarƙashin baki ya fara reto, ƙafafu sun yi kauri, alhali na sauran ƙanana ne, launinsu a koɗe. Wannan alama ce mai ƙarfi, amma ban tsaya a kanta kaɗai ba, domin budurwar kaza ma zankonta kan yi ja idan ta kusa fara ƙwai. Ƙahon nan na bayan ƙafa kuma kada a dogara da shi a wannan shekarun, duka suna da ɗan tsiro a wurin.

Abin da ya fi tabbata shi ne gashin gadon baya, daidai inda bindi zai fara. Wajen sati 12 zuwa 14, ki kama kazar ki riƙe ta a hasken rana, ki sa yatsa ko farar takarda a ƙarƙashin gashin wurin. Na zakara siriri ne, dogo, bakinsa da tsini, yana ƙyalli, yana zubowa ta gefe biyu. Na kaza gajere ne mai faɗi, bakinsa a zagaye, ba ƙyalli. Haka gashin wuya yake. Daga baya sai dogayen gashin bindi na zakara su lanƙwaso. Da na bi su ɗaya bayan ɗaya a haka, sai na tarar kusan rabi maza ne, daidai abin da za a samu da an ɗebo su ba zaɓe.

Ba a daɗe ba na farko ya yi cara, muryar a shaƙe, tana yankewa a tsakiya. Na kira mai rainon. Ya ce, "Hajiya, ai kaza ma tana cara." Gaskiya ne tana yi, amma ba kasafai ba, kuma yawanci babbar kaza ce wadda ta daɗe tana ƙwai. Mahaifar ƙwai ta hagu ce kaɗai ke aiki a jikin kaza. Idan ta samu matsala sai kazar ta daina ƙwai, zanko ya ƙara girma, ta fara halin zakara. Wani lokaci kuma wadda ta fi ƙarfi a akurkin da ba zakara takan gwada. Amma ɗan wata huɗu mai gashin baya da tsini, yana bin 'yan uwansa da faɗa, ba wannan ba ne. Wannan amsar ta fi ƙarin kuɗin ɓata mini rai, domin da ya ce mini a wannan shekarun ba ya iya tabbatarwa, da na yarda na saya a hakan.

Zakarun ba su zama asara ba, tun da Noiler namiji yana da nauyi da nama. Na bar ɗaya, domin zakara guda ya ishi kaji goma, kuma ko babu shi kaza za ta yi ƙwanta, ƙyanƙyasa ce kawai ke buƙatarsa. Sauran mun yanka wasu, na sayar da wasu. Sai dai lissafina na ƙwai ya ragu da rabi, bayan na ciyar da su wata da watanni da tsadar abinci. Matan sun fara ƙwai bayan sun haura wata biyar.

Zan sake komawa wajensa don raino, amma a farashin gauraye. Idan kuwa mata zalla nake so, zan nemi jajayen kajin ƙwai, ko in tambayi Shika Brown, kazar ƙwai ta cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke nan Shika, ko in jira Noiler su kai sati 12 in duba gadon bayansu da kaina kafin in biya.