Sharhi: Na'urar Gano Kifi a Wajen Kamun Kirafi

Shekara biyu ke nan ina aiki da na'urar gano kifi mai allo inci 7 a tafkunan kudancin Amurka, kuma kifi ɗaya na sa a gaba, wato kirafi. A wurina kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma sai ga wanda zai zauna ya koyi karanta allon. Wanda ya saya da tunanin za ta nuna masa kifi ƙarara kamar a talabijin, zai koma gida da takaici.

Ga wanda bai san shi ba, kirafi kifin ruwan daɗi ne na Arewacin Amurka, mai faɗin jiki kamar karfasa, da farin nama mai laushi. Iri biyu ne: baƙi mai ƙayar baya 7 ko 8, da fari mai 5 ko 6. Yawancin waɗanda ake kamawa ba sa kai rabin kilo, ko da yake an kama fari mai kilo 2.35 a Enid ta jihar Misisifi a 1957. Halinsa ne ya sa na'urar ta dace da shi. Ba ya kwanciya a ƙasa kamar tarwaɗa. Garke yake yi ya tsaya cik a tsakiyar ruwa, kusa da itacen da ya nutse ko ginshiƙin gada, kuma idanunsa sama suke kallo. Idan koto ya wuce ta ƙarƙashinsa ko da ƙafa ɗaya ne, da wuya ya bi shi. Saboda haka tambayar masunci guda ce: a wane zurfi suke yau? Ita ce na'urar ke amsawa, kuma tana amsa ta da kyau.

Kashi biyu gare ta, allo da kuma ɗan kunnen da ake ɗaurawa a bayan jirgi cikin ruwa. Kunnen yana tura sauti ƙasa, ya saurari amsa-kuwwa. Abin da ya fi dawo da sautin a jikin kifi shi ne jakar iskar da ke cikinsa. Sautin yana sauka ne kamar mazurari a kife, ƙarami daga sama, yana buɗewa can ƙasa. A kan mitar sauti ta 200 kHz, faɗin da'irar da yake gani kusan kashi ɗaya cikin uku ne na zurfin ruwan. Ke nan a ruwa mai ƙafa 21, da'irar ƙafa 7 kawai kake leƙawa. Garke na iya kasancewa taku huɗu a gefenka, allo kuma wayam.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar allon a matsayin hoton abin da ke ƙarƙashin jirgi. Bakin allon na dama kaɗai ne yanzu. Duk abin da ya gangara hagu ya riga ya wuce, jirgi ya bar shi a baya. Shi ya sa kifi ke fitowa kamar jinjirin wata a kife idan jirgi na tafiya: ya shiga da'irar daga gefe, ya zo tsakiya, ya fita. Idan kuwa ka tsaya a kansa, dogon layi a miƙe za ka gani. Mutane da yawa suna ganin wannan layin su ɗauka datti ne, alhali kirafi ne ke tsaye ƙarƙashinsu.

Akwai saitin da ke zana ƙananan hotunan kifi a allo. A kashe shi tun ranar farko. Ganye, kumfa, reshe, duk kifi yake kiransu. Sai a cire ƙarfin jin na'urar daga sarrafa kai, a riƙa ɗaga shi a hankali har allon ya fara ɗige-ɗige, sannan a ɗan sassauta. Hanyar da na fi amincewa da ita wajen gwaji ita ce in saki koton da zan yi aiki da shi daidai ƙarƙashin kunnen. Idan ina ganin saukarsa a matsayin siririn layi har ƙafa 20, saitin ya yi. Haka kuma a ƙayyade zurfin allon da hannu. Ba amfani allon ya nuna ƙafa 60 alhali kifin yana tsakanin 10 da 18.

Inda na'urar ta fi burge ni shi ne hoton duba-ƙasa, mai aiki da 455 ko 800 kHz. A hoton gargajiya, wato mai jinjirin watan nan da na bayyana, tarin rassa da kifin da ke cikinsa dunƙulewa suke yi su zama curi ɗaya mai launi. A duba-ƙasa kuwa za ka ga reshe da reshe, sannan ga kirafi a kai kamar an watsa ƙwayar shinkafa, fari-fari, wani bisa wani. Wannan jeruwar ta tsaye ita ce alamarsa. Ƙananan kifayen da yake ci suna fitowa ne kamar gajimare, tarwaɗa kuma manne da ƙasa. Na fi son raba allon biyu, gargajiya a hagu, duba-ƙasa a dama, domin kowane yana gyara wa ɗan'uwansa. Da allo mai inci 4 wannan rabon ba ya yiwuwa yadda ya kamata, shi ya sa ba na ba kowa shawarar ya sayi ƙasa da inci 7 idan hali ya yi.

Aikin kansa ba wuya. A bi bakin tsohon kwarin rafin da dam ya shanye, da tafiyar kilomita 4 zuwa 6 a awa, domin hoton ya fito tsaf. Da an ga tarin rassa mai kifi, a danna alamar GPS, a kuma jefa ɗan abu mai iyo gefe kaɗan, ba a kansu ba. A kewayo ta inda za a fuskanci iska, a kashe babban inji tun daga nesa. Sai a karanta zurfin kifin da ya fi kusa da sama, a tsayar da koto ƙafa ɗaya ko biyu a bisansa. Koton da aka fi amfani da shi ƙugiya ce mai kan dalma da jelar roba, nauyin giram 1 zuwa 2, a kan siririn zare mai ɗaukar fam 4 zuwa 6, ko kuma ɗan kifi mai rai. A fara da na saman garke. Idan ka jawo kifi daga tsakiya yana fafutuka, sauran watsewa suke yi. Kuma kada a fizga da ƙarfi, leɓensa siriri ne kamar takarda, yagewa yake yi.

A watannin Yuli da Agusta na'urar tana nuna wani abu da ido ba zai taɓa gani ba. Ruwan tafki yana rabuwa, mai ɗumi a sama, mai sanyi a ƙasa, kuma na ƙasan yakan rasa iskar shaƙa. Idan ka ɗaga ƙarfin ji, iyakarsu tana bayyana kamar ɗamarar hazo a kwance. Kirafi yana zama daf da ita ta sama. Duk tarin rassan da ke ƙasa da ita, komai kyansa, a wuce shi kawai.

Tana da nata rauni. A Maris da Afrilu, lokacin da ruwa ya kai wajen digiri 15 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyas, kirafi yana hawowa gaɓa ya yi ƙwai a ruwan ƙafa 2 zuwa 4. A nan da'irar ba ta fi faifai ba, jirgi kuma korarsu yake yi. Ma'aunin ɗumin ruwa ne kaɗai ke da amfani a ranakun nan. A kan gangare mai tsauri kuma, sautin yana fara dukan tudu, sai kifin da ke ɓangaren kwari ya ɓuya cikin layin ƙasa. Sauran matsalolin yawanci daga ɗauri ne. Idan kunnen ya karkace, rabin jinjirin wata za ka riƙa gani. Idan yana bayan wani tudu a ƙasan jirgi, kumfa za ta shafe hoton da zarar an ƙara gudu. Layukan tsaye da ke cika allo duk lokacin da aka taka ƙaramin injin lantarki kuwa, alama ce ta injin da na'urar sun haɗa batir. A ba na'urar nata batir mai bolt 12, da fiyus, a kuma raba hanyar wayoyinsu.

Tun 2018 da kamfanin Garmin ya fito da LiveScope, harkar ta sauya. Wannan nau'in yana nuna motsin kifi kai tsaye, ka zaɓi babba guda ɗaya, ka ga kotonka na sauka gabansa, har ka ga ya juyo. Lowrance da Humminbird ma sun fito da nasu. Lokacin da LiveScope ya fito, kuɗinsa ya haura dala 1,000 ban da allo, ga cin batir. Ra'ayina shi ne wanda bai iya karanta hoton gargajiya da duba-ƙasa ba, ya dakata tukuna, domin da su ake nemo wurin tun farko.

Abin da ke damuna da sauƙin nan shi ne kifin kansa. A 2024 jihar Misisifi ta rage adadin kirafin da mutum zai iya ɗauka a rana daga 15 zuwa 10 a tafkunan Grenada, Enid, Sardis da Arkabutla, kuma yawaitar wannan sabuwar na'ura na cikin dalilan. A hunturu garke yana taruwa a zurfi, na'urar kuma tana tona shi cikin minti kaɗan. Kirafin da aka jawo daga zurfin da ya wuce ƙafa 25 ko 30, jakar iskarsa kumbura take yi, idanunsa su firfito, ko an sake shi sai ka gan shi yana iyo a kan ruwa ya kasa nutsewa. Idan allo ya nuna garke a irin wannan zurfin, a ƙudura cewa duk wanda aka kama na tukunya ne, kuma da an cika adadin da doka ta yarda a naɗe fatsa.