Tsakanin Wurno da Surame, ka kai baƙinka Wurno

Malam, tunda yini ɗaya ne kacal gare ka da baƙin naka a Sakkwato, kuma ka ce tsakanin Wurno da Surame kake neman zaɓi, to Wurno za ka nufa.

Wurno gari ne mai rai, kuma tarihinsa yana bakin mutanen da ke zaune cikinsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa shi a matsayin ribaɗi domin tsaron Sakkwato daga ɓangaren Gobir, a nan ya zauna a ƙarshen rayuwarsa, a nan kuma Allah ya yi masa rasuwa a 1837, hubbarensa yana cikin garin har yau. Daga Sakkwato ta hanyar Achida ake bi, kuma wanda ya tashi bayan sallar asuba zai yi ziyararsa a natse ya dawo kafin rana ta take. Lokacin da na kai kawuna, wanda ƙafarsa ba ta ɗaukar doguwar tafiya, wani dattijo da muka tarar a bakin hubbaren ya shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ya sa yaro ya kawo ruwa, sannan ya shiga jero masa sarakunan da suka zauna Wurno bayan Bello, yana yi yana nuna mana inda fadama ta shimfiɗu a ƙasan tudun garin. Bai nemi ko kwabo ba, sai da kawu ya matsa masa kafin ya karɓi na goro. A hanyar dawowa muka sayo tafarnuwa da albasa, domin yankin ya yi suna a nomansu.

Surame kuwa kufai ne. Ba na musun darajarsa, birnin Muhammadu Kanta na Kabi ne tun ƙarni na 16, kuma ragowar ganuwarsa ta dutse tana nan a yankin Binji, amma kuɗin shatar motar da na biya ya fi abin da idona ya gani, kuma wuri ne da ya fi dacewa da ɗalibin tarihi mai ƙwarin ƙafa, ba tsofaffi da yara ba.

Idan kun dawo daga Wurno da sauran rana, ku wuce Hubbaren Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, daga nan ku leƙa gidan adana tarihi na Waziri Junaidu, inda aka tara tsofaffin rubuce-rubuce da kayan yaƙi. Game da maƙabartar sojoji da ka ambata, kada ka ɗauka a filin Giginya da ke Sakkwato take. A Giginya aka yi karon ranar 15 ga Maris, 1903, tsakanin rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya da sojojin Turawan Ingila, amma Attahiru ya fita ya nufi gabas, kuma a Mbormi, kusa da Bajoga a Jihar Gombe ta yanzu, aka kashe shi a watan Yulin shekarar. A can kabarinsa yake, a can kuma aka binne Manjo Marsh wanda ya jagoranci sojojin Turawa a yaƙin Mbormi, saboda haka wannan tafiya ce ta daban da ba ta shiga yini ɗaya.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu tarar baƙi da tsofaffin takubba da layu suna rantsuwa cewa na zamanin jihadi ne, domin da yawansu sababbin ƙira ne da aka bari suka yi tsatsa, wanda kuwa ke da na gado na gaskiya ba ya tallarsa a bakin hanya. Haka ma masu jaka da takalma da ke cewa fatar jar akuyar Sakkwato ce: ka shinshina, ka duba cikinta, domin roba ba ta da warin jima. Direban shata kuma ka yanke kuɗi da shi tun a tasha, zuwa da dawowa har da jira, a gaban wani shugaban tashar, kuma kada ka biya duka sai ya sauke ku a gida.