Garejin Dilimi da ya tayar da tsohon CG 125 na gidanmu

In injin tsohon mashin ne damuwarka kuma ba ka sauri, wannan garejin zan nuna maka a Jos. In kuwa aikin waya ne, ko kana son a gama maka kafin Juma'a, nemi wani wuri tun da wuri. Rumfar kwano ce a wani lungu cikin Dilimi, bayan masu sayar da kayan gyara, ba allo ba suna. Maigidan dattijo ne mai furfura, yaransa Baba suke ce masa, ni ma haka na bi.

Mashin ɗin Honda CG 125 ne na mahaifinmu. Tun da gwamnatin Jonah Jang ta hana acaba a Jos da Bukur, hawa mashin cikin gari ya zama abin fargaba ko da naka ne na kanka, sai tsohon ya tura shi ɗakin ajiya ya rufa masa buhu. Ya fi shekara goma a nan. Ni kuma yanzu ina noma wajen Toro, ina bukatar abin da zai riƙa kai ni gona daga bakin titi. A bayan a-kori-kura muka kai shi, tayoyin a kwance, sarƙa ta ƙage.

Muna sauke shi wani yaron shago ya ɗora ƙafa kan kik. Baba ya daka masa tsawa daga inda yake zaune: "Kai, sauke ƙafarka! Ka san abin da ke ciki ne?" Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Malam, injin da ya daɗe a ajiye ba a fara shi da kik. In ringi ya manne da tsatsa ka taka da ƙarfi, ko ya karye ko ya kankare bulok, ka sayi aikin da babu shi." Wannan maganar ce ta sa na bar masa mashin ɗin ban ko yi ciniki ba.

Fulogi ya fara cirewa. Ya haska ramin da tocilar waya, ya zuba baƙin mai gauraye da kananzir, ya toshe da tsumma ya ce a bar shi ya jiƙa. Da na koma sai na tarar ya sa giya, yana riƙe da tayar baya yana jujjuya ta gaba da baya a hankali, kamar mai lallashin jariri. Can fistin ya saki. Bai tsaya nan ba, ya buɗe hedi ya nuna mini zoben tsatsa a jikin bulok daidai inda fistin ya kwana duk shekarun nan. Bayaninsa shi ne injin ya tsaya ne bawul ɗaya a buɗe, danshin damina da sanyin dare na Jos suka riƙa shiga ta nan. Tsatsar ba ta ci ƙarfen sosai ba, don haka ya ce ba sai an yi boring, wato faɗaɗa ramin bulok, ba: goge bulok, sabon ringi, a wasa bawul, sabon gasket. Da wani bakaniken ne, da ya ce a sayi sabon bulok da fistin gaba ɗaya, kuma da na biya ban san an cuce ni ba.

A kafireta ne na ga asalin ɓarnar ajiya. Fetur ɗin da aka bari ciki ya ƙafe, ya bar wani ƙaro ja-ja mai warin tsohon fenti, ya toshe jet ɗin duka biyu, wato 'yan ƙarafa masu ƙananan ramukan da fetur ke bi. Baba ya warware ta a kan murfin bokiti, kowane ƙanƙanin abu a jere. Ƙaramin jet ɗin ya ɗaga shi sama wajen rana, ko ɗigon haske ba ya wucewa. Ya jiƙa shi, ya zare silin waya guda mai laushi daga tsohon kebul ya bi ramin, ya hura, ya sake ɗagawa har haske ya fito zagaye. Ya hana yaron amfani da allura, wai tana faɗaɗa ramin, daga nan mashin ya koma shan mai ba gaira ba dalili. Cikin akwatin iska kuwa zanzaro ya yi gini har hawa biyu, soson tace iskar ya zama gari, kana taɓawa yana zuba.

Tankin ma ya yi tsatsa daga ciki, don an ajiye shi kusan wayam. Tsofaffin notina suka zuba da kananzir, yara biyu suka yi ta girgizawa suna zubar da jan ruwa har ya fara fitowa fari. Ya ƙara ƙaramar matatar mai a kan tiyo, ya ce in riƙa duba ta.

Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne irin injin. Honda ta fito da CG 125 a 1975, an kuma ƙera shi ne musamman don ƙasashe irin namu inda ba kowa ke yin sabis kan lokaci ba. Bawul ɗinsa da sanduna ake tura su, babu sarƙar taimin da za ta saki. Kamfanonin China sun kwaikwayi injin nan sosai, shi ya sa ringi da gasket da faifan kuloci duk a nan cikin Dilimi aka samo su, ba a aika Kano ko Nnewi ba. Amma Baba bai yarda a canja kafiretar da ta China ba duk da arharta. Ya ce ta asali in an wanke ta fi riƙe saiti. Da filagej, ma'aunin tazara, ya saita bawul, 0.08 na milimita, injin a sanyaye. Na yi shekaru ina kai mashin gareji, da kunne kawai nake ganin ana wannan saitin.

Ranar tayarwa, sai da ya zubar da tsohon baƙin mai, ya wanke ragar da ke bakin magudanar, ya zuba sabo kusan lita guda, ya yi ta taka kik ba fulogi don mai ya zagaya. Sannan ya mayar da fulogi, ya ja cok. Ya yi tari, ya mutu, ya sake tari, ya kama. Hayaƙi ya turnuƙe lungun har mai shayin da ke gefe ya yi mita, ɓawon gyaɗar da ɓeraye suka tara a salansa yana ta fitowa. Bai murɗa masa wuta ba. Ya bar shi yana silo, yana ɗan juya sukurun iska. Ya ce Jos tudu ce, ta haura mita 1,200, iskarta ba ta kai ta Kano kauri ba, saitin da ya yi daidai a can nan sai ya baƙanta fulogi.

Yanzu ga inda suka ɓata mini rai. Alkawarin Baba ba abin riƙewa ba ne. "Gobe in sha Allahu" na ji har na gaji, aikin da aka ce mako guda ya kusa cinye wata. Ba ya ɗaga waya, sai ka taka da ƙafarka. Aikin waya kuma yaransa ya bar wa, suka yi shi da ka: wayoyin da ɓera ya ci aka murɗe su da hannu aka naɗe da salatif, fitilar gaba na kawowa tana ɗaukewa, hon shiru. Sai da na kai wa mai wayarin daban. Murfin gefe na asali mai tambarin Honda ya ɓace a garejin, aka yi ta kallon-kallo, har yau babu shi. In za ka kai naka, kwance madubi da murafu ka bar su gida, ka ɗauki hoton mashin ɗin a gabansu.

Tayoyi ma bai ce komai a kansu ba, iska kawai aka ba su. Ni na duba gefensu na ga duk sun tsattsage, na sayi sababbi da tiyub. Shi injin ne kawai a gabansa.

Kuɗin hannunsa bai kai rabin na kaya ba, kuma ba ya sayo kaya a bayan idonka. Zai rubuta a bayan kwalin fulogi ya haɗa ka da yaro ku je shago, tsofaffin da aka cire a zuba maka a leda. Ya ce in sake juye baƙin mai bayan 'yan kwanaki ana hawa, in kuma dawo a sake duba bawul, ba zai karɓi komai ba. Na koma, ya duba, bai karɓa ba. Mashin ɗin yana can Toro yana ɗaukar buhun taki, da safe cikin sanyi yana son cok, kuma har yanzu akwai ɗan tsiyayar mai ta wajen sandar giya da ya ce sai an samo sil mai kyau.