Lemar shawagi ko lema mai inji: abin dubawa kafin biyan kuɗin ayarin ratsa hamada ta sama

Duk wanda ya duba tallan kamfanonin da ke shirya ayarin masu shawagi a hamada zai ga hoto kusan iri ɗaya: shimfiɗaɗɗiyar lema mai launi a saman tuddan rairayi, da mutum yana lilo a ƙarƙashinta. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne haja biyu ake sayarwa. Ta farko lemar shawagi ce zalla, wadda Turawa ke kira faragilaida, ba ta da inji, iska kaɗai ke riƙe da ita. Ta biyu lema ce mai inji, wato faramoto, inda matuƙi ke goya ƙaramin inji mai farfela a gadon bayansa. Kuɗinsu ya bambanta, horonsu ya bambanta, kuma sau da yawa lokacin da ɗaya ke sama shi ne lokacin da ɗayar ke naɗe a cikin jaka.

Lemar zalla yadin nailan ce da aka ɗinka ɗaki-ɗaki, iska ta shiga ta bakin gaba ta cika ɗakunan har su ɗauki siffar fiffike, kuma faɗinta ga baligi yakan kama daga murabba'in mita 22 zuwa 30. Idan aka haɗa ta da kujerar ɗauri, da lemar ko-ta-kwana, da hular kwano, nauyin bai cika wuce kilo 12 zuwa 18 ba, wanda mutum zai iya shiga jirgi da shi kamar kowace jaka. A iska mai natsuwa takan yi gaba kimanin mita 8 ko 9 a duk mita ɗaya da ta sauko, da gudun kilomita 35 zuwa 40 a awa. Ke nan kullum saukowa take yi, sai dai idan matuƙi ya sami iskar da ke hawa sama fiye da yadda yake saukowa. Irin wannan iska ta hanya biyu ake samunta. Akwai wadda ke bugun gefen tudu ta hau, akwai kuma zazzafar iskar da ke tasowa daga ƙasa idan rana ta gasa ta, wadda ungulu da shirwa ke kewayawa a cikinta ba tare da sun kaɗa fiffike ba.

A nan matsalar hamada take. Yawancinta shimfiɗe take babu tudun da za a tashi daga kai, kuma zazzafar iskarta ta tsakar rana tana da ƙarfin da zai iya naɗe lema a sama, ga guguwa da ke tasowa ba sallama ta ɗauki mutum tun yana ƙasa. Saboda haka ayarin lemar zalla, duk da sunan ratsa hamada da ake ba shi, tafiyar mota ce daga wani tudu zuwa wani, ana yada zango inda iska ta dace. Wannan ba aibi ba ne, muddin mai saye ya san abin da ya saya. Wasu kamfanoni suna jan lema sama da igiya daga mota ko injin naɗi domin a tashi daga fili, amma wannan fanni ne mai horonsa na daban, kuma ya kamata a tambaya ko mai jan igiyar yana da shaidar ƙwarewa.

Lema mai inji ita ce ke ratsa ƙasa da gaske. Injin yawanci mai bugu biyu ne, irin na tsofaffin babura da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, girmansa daga cc 80 zuwa 200, kuma wanda aka fi gani a irin waɗannan tafiye-tafiye shi ne Moster 185 na kamfanin Vittorazi da ke Italiya, abin da ya sa kayan gyaransa suka fi sauƙin samu. Nauyin injin da kejinsa yakan kai kilo 20 zuwa 30 kafin a zuba mai, yana shan lita 3 zuwa 5 a awa, tankinsa kuma yana ɗaukar abin da zai riƙe mutum awa biyu zuwa uku a sama. Da shi ana tashi daga kowane fili mai faɗi, a bi kwari, a kewaya dutse, a sauka a zango na gaba mai nisan kilomita 60 ko 80.

Sai dai a dubi yadda safiyar irin wannan ayari take kafin a yi sha'awa. Ana tashi tun asuba, domin ana son a bar ƙasa da fitowar rana kafin iska ta fara dagulewa. Matuƙi ya shimfiɗa lema a kan rairayi mai sanyi, ya warware igiyoyinta ɗaya bayan ɗaya, ya goya injin da ya kai kilo 35 da mai, sannan ya ruga a guje cikin yashin da ƙafa ke nutsewa, ba tare da wata iskar kirki da za ta taimaka wajen ɗaga lemar ba. Idan lemar ta karkace ya tsaya, a sake shimfiɗawa, kuma wanda ya kasa sau uku yakan zauna yana haki yana kallon abokansa sun zama ɗigo a sararin sama. Zuwa hantsi an sauka, sai kuma bayan la'asar sakaliya. Zafi yana ƙara wahalar, domin iska mai zafi ba ta da kauri, don haka inji ya rage ƙarfi, lema ta buƙaci gudu mai tsawo kafin ta ɗaga. Mai ciwon gwiwa ko baya gara ya nemi ayarin da ke da keke mai ƙafa uku da ake ɗora injin a kai, amma keken yana son ƙasa mai tauri, ba ya tafiya a laushin rairayi.

Ta fuskar kuɗi, sabon kayan lemar zalla cikakke yakan kama dala dubu 4 zuwa 6, mai inji kuwa kusan ninki biyu. Ga wanda zai yi tafiya ɗaya tak, haya ta fi saye hankali, musamman a ɓangaren inji, saboda kamfanonin jiragen sama da yawa ba sa karɓar injin da ya taɓa shan fetur ko da an wanke tankinsa, kuma jami'an kwastan na iya riƙe shi kwanaki. Mai inji na lantarki bai tsira ba, domin ƙa'idar sufurin jiragen fasinja ta hana ɗaukar batirin litiyam da ya wuce wat-awa 160, batirin faramoto kuwa ya ninka haka sau da yawa. Abin da ya fi dacewa shi ne mutum ya tafi da lemarsa da kujerarsa da hularsa waɗanda ya saba da su, ya yi hayar inji a can. Idan har lemar ma haya za a yi, a nemi ganin takardar gwajinta ta ƙarshe, domin rana da yashi su ne manyan maƙiyan wannan yadi: hasken rana yana cinye shi har iska ta riƙa ratsawa, yashi kuma yana taruwa a cikin ɗakunan yana goge ɗinki. Ayarin da ake zazzage lema a cikinsa kowace yamma, a ɗaga gefenta na baya yashi ya zubo ta baki, yana nuna masu shi sun san aikinsu.

A kan yawancin lemar zalla ta gari akwai harafin da ke nuna ajinta bisa gwajin Turai na EN, daga A zuwa D. Ta ajin A ita ce mai saurin komawa daidai da kanta idan gefe ya naɗe, ta D kuwa ta ƙwararru ce. A hamada, inda iska ke sauya hali cikin minti kaɗan kuma asibiti ke nesa, A ko B mai sauƙi ta wadatar, kuma mai sayarwar da ya matsa wa sabon matuƙi ya hau sama da haka bai cancanci a saurare shi ba. Kamfanoni irin su Ozone, Gin, Advance da Dudek duk suna yin lema a waɗannan azuzuwa, kuma dacewar girman lema da nauyin matuƙi ta fi sunan kamfani muhimmanci.

Zaɓin wuri ya danganta da zaɓin lema. Ga lemar zalla, inda hamada ta haɗu da teku mai sanyi ya fi, domin iskar teku tana busowa a natse kusan kowace rana. Tuddan rairayin da ke tsakanin Swakopmund da Walvis Bay a Namibiya suna da wannan hali daga kusan Oktoba zuwa Maris, kuma faɗuwa a kan yashi mai laushi ta fi faɗuwa a kan dutse sauƙi ga mai koyo. Garin Ikike a arewacin Chile, a bakin hamadar Atakama, yana cikin wuraren da suka fi yawan ranakun tashi, kusan duk shekara, ana tashi daga Alto Hospicio mai tsayin kimanin mita 500 a sauka a bakin teku, sai dai nisansa daga Afirka ta Yamma yana sa kuɗin jirgi ya cinye kaso mai yawa. Maroko ce mafi kusa da sauƙin kuɗi, da wurare irin su Aguergour a kudu da Marrakesh da gaɓar Aglou a yankin Tiznit da ta Legzira kusa da Sidi Ifni, waɗanda lokacinsu ke kamawa daga kaka zuwa bazara ta can, wato Oktoba zuwa Afrilu. Amma wanda ya ga hoton tuddan Erg Chebbi na Merzouga, masu tsayin da ya kai mita 150, ya sani suna dab da iyakar Aljeriya, inda sojoji ba sa wasa da abin da ke yawo a sama.

Ga mai inji, izini ya fi kyawun wuri muhimmanci. A Amurka doka ba ta buƙatar lasisi ga faramoto mai ɗaukar mutum ɗaya, abin da ya sa hamadar jihohin Utah da Arizona ta cika da masu wannan wasa, a Faransa kuwa sai da lasisin ƙananan jirage. Wadi Rum na Jodan da Tekun Rairayin Namib duka suna cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO, na farko tun 2011, na biyu tun 2013, kuma shawagi da inji a kan keɓaɓɓun wurare irin waɗannan sai da takardar hukuma. Tun bayan da aka yi amfani da lema mai inji a harin 7 ga Oktoba 2023 a kudancin Isra'ila, jami'an tsaro a ƙasashe da dama sun ƙara sa wa na'urar ido. Saboda haka a nemi kwafin izinin a rubuce kafin a biya ko sisi, kada a yarda da cewa mai kamfani ya san manya.

Mai karatu a Kano ko Damagaram zai iya tambaya me ya sa za a tafi nesa alhali ga hamadar Tenere ta Nijar a bayan gida. Lallai an taɓa yi: mai ɗaukar hoto ɗan Amurka George Steinmetz ya yi shawagi da lema mai inji a saharar Nijar a ƙarshen shekarun 1990, ya ɗauko hotunan ayarin raƙuman gishiri daga sama. Halin tsaro na yanzu a arewa da Agadas ya sa wannan ba zaɓi ba ne ga ayarin 'yan yawon buɗe ido, ga kuma hazon hunturu da ke rufe gani a daidai watannin da zafi ke sauƙi.

Abin da ake biya wa kuɗi da gaske a irin wannan tafiya yana ƙasa ne. Inji mai bugu biyu yana iya mutuwa a kowane lokaci, kuma mutuwarsa ba ta kayar da mutum, domin lemar za ta sauko da shi a hankali, amma za ta ajiye shi a inda ƙila babu hanya, babu ruwa, babu sabis na waya. Don haka a tambayi yawan motoci masu jan ƙafa huɗu da ke bin ayari, da yawan matuƙan da jagora ɗaya ke kula da su, da ko akwai makaniki mai farfela da filogi da bel na ajiya, da ko kowane matuƙi yana ɗauke da rediyon hannu da na'urar nuna wuri ta tauraron ɗan'adam irin Garmin inReach, da kuma awa nawa ne zuwa asibitin da zai iya aikin karayar baya. A ganina ayarin matuƙa 6 zuwa 8 mai motoci biyu ya fi na mutum 15 mai rangwame, domin a babban ayari masu ƙarancin ƙwarewa ne ke jinkirta tashi har iska ta lalace wa kowa. A kuma lura da ayarin da ya gauraya masu inji da marasa inji: masu inji suna son asuba da fili, marasa inji suna son iskar rana da tudu, kuma idan mota ɗaya ce dole wani ɓangare ya yini yana jira.

Kamfanin kirki yakan nemi shaidar ƙwarewa kafin ya karɓi mutum, kamar katin IPPI na hukumar wasannin sama ta duniya FAI, ko takardar ƙungiyoyi irin su BHPA ta Birtaniya da USHPA ta Amurka, tare da littafin da ke nuna awannin da ya yi a sama. Wanda bai tambayi komai ba sai lambar katin banki, a guje shi. Wanda bai taɓa tashi ba yana da hanya biyu: ya shiga a matsayin fasinja a lema mai ɗaukar mutum biyu tare da ƙwararren matuƙi, ko ya fara yin makaranta ta kwana 10 zuwa 14 ya tara awanni kafin ya nemi ayari. Inshorar tafiya ta yau da kullum yawanci tana cire wasannin sama daga abin da take biya, don haka sai an sayi wadda ta ambaci lemar shawagi ko faramoto da suna, kuma ta haɗa da kwashe majinyaci ta jirgi.

Saura maganar ranakun da iska ta hana tashi, waɗanda babu tafiyar hamada da ba ta da su. A karanta yarjejeniya a ga ko an ware kwanakin ko-ta-kwana a cikin jadawali, da abin da za a mayar idan rabin kwanakin sun tafi a zaune a tanti, da wanda zai biya idan farfelar haya ta karye a hannun mai haya, da kuma ko kuɗin ajiya zai dawo idan hukuma ta janye izini bayan an riga an sayi tikitin jirgi.