Gargaɗi ga matan Agege da kewaye: ku kula da mai bin gidaje tana huhhuda fuska da allura

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Yau kwana 23 ke nan ƙanwata ba ta leƙa ƙofar gida sai da takunkumi a fuska, ga bikinta saura wata ɗaya da 'yan kwanaki. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in rubuta, domin akwai nawa laifin a ciki. Amma jiya aka ce mini an ga tallar matar nan ta sake fitowa da sabon suna, tana neman mata a Idi-Araba da Mile 12. Shiru ya ƙare.

Ƙanwar tawa ta yi fama da ƙurajen fuska tun tana sakandare. Ƙurajen sun lafa, sun bar mata 'yan ramuka a kumatu, irin waɗanda hoda ba ta rufewa. Da aka sa rana, sai abin ya tsaya mata a rai. A WhatsApp ta ga tallar, wata ƙawarta ce ta ɗora: mace sanye da farar riga irin ta asibiti, tana kiran kanta Dakta, Hausa a bakinta raɗau. Aikin da take talla shi ne wanda ake kira maikironidilin, wato huhhuda fata da ƙananan allurai don gyara tabo da tamoji. Alkawarinta zama ɗaya, kwana bakwai, fuska ta koma kamar ta jariri. Har gida take zuwa. Kuɗin naira 45,000, amma idan kin haɗo mutum uku za ta rage wa kowa. Sai an tura rabi kafin ta taso, kuma sunan namiji ne a kan asusun. Ta ce na maigidanta ne.

Ranar Asabar bayan azahar ta sauka daga keke da 'yar jakarta. 'Yan mata uku ne a falonmu: ƙanwata, ƙawarta, da 'yar maƙwabciyarmu. Ina kicin, na shigo kawo musu zoɓo daidai lokacin da ta gama da ta farko. Na'urar kamar ƙaton biro take, tana ƙara zizizi, a bakinta akwai wani ɗan kai na roba mai allurai. Da idona na ga jini ya yi ja-ja a tsakanin alluran. Ta tsoma kan a murfin kofi mai sifirit, ta goge da auduga, ta juya kan ƙanwata.

Na ce, "Dakta, ba za a canja kan ba?"

Ta yi murmushi ta ce, "Haba Anti, ai sifirit ba abin da ba ya kashewa. Shekarata nawa ina aikin nan."

Na ajiye tire na fita. Kunya ce ta rufe mini baki, kada a ce na ci fuskar baƙuwa a gaban yara. Wallahi har yau in na tuna fitar nan da na yi sai ƙirjina ya yi nauyi. Mu da ko wurin mai yankan farce ba ma yarda sai ya ɓare sabuwar reza a gabanmu, wanzami ma in zai yi wa jariri askin suna sabuwa muke miƙa masa, ga shi na bari an bi fuskoki uku da allura ɗaya a cikin ɗakina.

Da ta gama sai ta shafe su da wani ruwa rawaya daga kwalbar da ba ko rubutu ɗaya a jikinta, balle lambar NAFDAC. Wai shi ne sirrin aikin, shi ke sa haske.

Kwana uku fuskar ƙanwata ta kumbura, ƙananan maruru suka feso suna ruwa, zazzaɓi ya rufe ta. Muka kira matar, ta ce dattin ciki ne ke fita, a ƙara shafa man da ta bari. A rana ta biyar lambar ta daina shiga, shafin nata ya ɓace. Sai a lokacin muka zauna muka duba hotunan tallar da kyau. A hoton kafin aiki akwai tawadar Allah a gefen hancin matar, a hoton bayan aiki babu, kunnen ma ba iri ɗaya ba ne. Mutum biyu ne daban.

Ina so a fahimce ni, shi aikin kansa ba ƙarya ba ne. Likitocin fata suna yin sa. Alluran suna yin ƙananan raunuka ne da gangan, jiki kuma wajen warkar da su sai ya ƙera sabon kolajin, sinadarin da ke ba fata ƙarfi da cika, ta haka ramin tabo ke tasowa a hankali. Kalmar a hankali ɗin nan ita 'yan damfara suke ɓoyewa. Likitar da ta duba ƙanwata ta ce akan yi zama uku zuwa shida, da tazarar mako huɗu zuwa shida tsakani, kuma sai an yi watanni ake ganin amfanin. Tabon ma raguwa yake yi, ba ya ɓacewa ƙurmus. Saboda haka duk wadda ta ce miki kwana bakwai, ƙaryarta ta fito tun ba ta buɗe jaka ba.

Tsawon alluran yakan kama daga milimita 0.25 zuwa 2.5. Masu tsawon suna ratsa saman fata har su taɓa jini, kuma da zarar abu ya taɓa jini ya fita daga sahun dilka da halawa da kurkur. Kan alluran na mutum ɗaya ne, zama ɗaya, a rufe yake zuwa cikin leda, a ɓare a gabanki, a jefar in an gama. Tsoma shi a sifirit ba ya wanke jinin da ya maƙale a lungunansa. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kai kwana bakwai da ranta a busasshen jini, kuma binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da ita, da yawansu ba su ma sani ba.

Kada wata ta ce tsoratarwa ce. A birnin Albakaki na jihar New Mexico a Amurka, hukuma ta rufe wani shagon gyaran jiki a 2018, inda ake ɗibar jinin mace a tace shi a mayar mata a fuska ta hanyar irin waɗannan allurai. Mai shagon ba ta da lasisi. A 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta bayyana cewa mata uku sun kamu da cutar ƙanjamau, kuma ana kyautata zaton ta dalilin aikin da aka yi musu a can ne. Wancan shago ne mai adireshi da ake iya zuwa a rufe. Tamu jaka ce kawai da lambar waya.

Akwai kuma abin da ya shafe mu baƙar fata musamman. Fatarmu in ta ji rauni ko ta yi kumburi, baƙin tabo take bari, shi ne yanzu ya mamaye kumatun ƙanwata, ya fi ramukan da ta so gyarawa fitowa fili. Wasunmu kuma jikinsu na yin tabo mai tudu, irin wanda ke tasowa kamar ƙullutu a kunne bayan huji, likitoci suna ce masa kiloyid. Mai irin wannan jiki an fi so ta nisanci aikin. Haka wadda ƙurajenta ke ɗanye, domin alluran za su kwashi ƙwayoyin cuta su shuka a sauran fuska. Matar nan ko tambaya ɗaya ba ta yi wa yaran ba. Shi kuma ruwan rawayan, likita ta ce fatar da aka huhhuda ƙofa ce a buɗe, abin da aka shafa ciki yake zarcewa, kuma man bilicin da ake haɗawa a gida ba a rasa shi da sinadarai masu ƙarfi da ke sa fata ta yi siriri.

In har kina son aikin, ki je wurin likitan fata. Akwai su a asibitocin koyarwa na LUTH da LASUTH da asibitoci masu zaman kansu. A Legas hukumar HEFAMAA ce ke yi wa wuraren kiwon lafiya rajista, likita na gaskiya kuma yana da rajista da majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN, kuma ba zai ji haushi don kin tambaya ba. Farar riga a kasuwa ake sayar da ita. Mun kai ƙorafi wurin 'yan sanda da hukumar kare haƙƙin masu saye ta jihar Legas, da shaidar tura kuɗi da kwalbar da ta bari. Ban sa sunanta a nan ba domin maganar tana hannun hukuma, kuma sunan ma kullum canja shi take yi. Salon ne ba ya canjawa: zuwa gida, a haɗo mutum uku, rabin kuɗi a gaba, kwalba marar rubutu.

Ku da ta riga ta taɓa fuskarku, don girman Allah kada kunya ta zaunar da ku kamar yadda ta rufe mini baki. Ku je asibiti ku faɗi gaskiyar abin da ya faru. Akwai maganin kariya daga ƙanjamau, amma sai an fara shi cikin awa 72, mu lokacin ya wuce mu muna sauraron zancen datti na fita. Rigakafin ciwon hanta ma da wuri ake son sa. Yaranmu uku an yi musu gwajin farko, alhamdulillahi ba a ga komai ba, amma likita ta ce sai an maimaita bayan wata uku kafin hankali ya kwanta. Ranar gwajin ƙanwata na biyu za ta zo ne tana ɗakin mijinta. Jiya da daddare ita da kanta ta kira angon ta gaya masa komai, ina zaune kusa da ita ina riƙe da hannunta.