Family Link a wayar yara: tana kulle waya, amma sai an san lokacin da za a sa mata

Family Link manhaja ce ta kamfanin Google, kyauta ce, kuma ta fito tun 2017. Aikinta shi ne ta ba uba ko uwa iko da wayar Android da ke hannun yaro: awa nawa zai yi a kanta a yini, ƙarfe nawa za ta kulle, wace manhaja zai sauke, wacce aka hana shi buɗewa. Tana hawa wayoyin da suka fi yawa a gidajenmu, irin su Tecno da Infinix da itel da Samsung. Wajen kulle waya a kan lokaci ta iya aikinta sosai. Matsalarta ita ce an gina ta ne da tunanin ƙaramin gida mai yara biyu ko uku, kowa da wayarsa, intanet ba ya yankewa. Don haka wanda zai yi amfani da ita a Kano ko Zariya ko Maraɗi sai ya yi mata 'yan dabaru.

Haɗa ta ba ya wuce rabin awa idan akwai data mai ƙarfi. Ana sauke manhajar a wayar uba ko uwa, Android ce ko iPhone, a shiga da asusun Google na babba. Daga cikinta ake buɗe wa yaro nasa asusun, sannan a ɗauki wayar yaron a shiga da sabon asusun, a tabbatar da kalmar sirrin babba. Za ta buƙaci a cire duk wani asusun Google da ke kan wayar tun da, saboda haka a kwashe lambobi da hotuna kafin a fara. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne barin asusun da mai shagon waya ya buɗe a gurguje ranar da aka sayo ta, wanda galibi shekarar haihuwar babban mutum ake sa masa. Da ranar haihuwa Google ke tantance abin da ya dace yaro ya gani a YouTube da Play Store, kuma dokokin asusun suna sauyawa idan ya kai shekara 13. A buɗe sabo, a sa ranar haihuwarsa ta gaskiya.

Da an gama, abubuwa uku ne ginshiƙinta. Akwai iyakar yini, wadda ake sa wa kowace rana ta mako tata daban. Akwai lokacin kulle, wanda aka tanada don barci, a sa ƙarfe nawa zai fara da ƙarfe nawa zai ƙare. Sai iyakar manhaja ɗaya-ɗaya, misali wasan mota minti 20, YouTube minti 30. Idan lokaci ya cika allon zai rufe, sanarwa ba za ta fito ba, amma yaro zai iya amsa kira, zai kuma iya kira ta maɓallin gaggawa muddin akwai layi a wayar. Wannan ya yi kyau ƙwarai, domin yawancin iyaye don a riƙa samun yaro suka saya masa wayar tun farko. Akwai kuma maɓallin kulle nan take, da na ƙarin lokaci idan an ga dama a ƙara masa wasu mintuna a ranar ba tare da an taɓa tsarin mako ba.

To awa nawa za a sa? Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorarta ta 2019 ta ce yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini, in ya gaza haka ma ya fi. Yara 'yan shekara 1 zuwa 4 suna buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a warwatse cikin yini. A jagorar 2020 ta ce daga shekara 5 zuwa 17 ana son minti 60 kullum na motsin da ke sa numfashi ya hau, irin gudu da ƙwallo da keke. Ga manyan yara ba ta yanke adadin awannin allo ba, cewa ta yi a rage zaman. A ganina awa 1 a ranar makaranta da awa 2 a ƙarshen mako sun ishi ɗan firamare.

Sai dai adadin awa ba shi ne inda aka fi yin asara ba. Lokacin da awar ta faɗa shi ne magana. A duba yinin yaro a birnin Kano: boko daga safe zuwa wajen ƙarfe 1 ko 2, ga rana ta take, a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, ba mai hankalin da zai tura yaro fili da tsakar rana. Bayan la'asar iska ta fara sanyi, daga nan zuwa magariba awa biyu ne da 'yan kai, kuma a nan ne kaɗai langa da gare da ƙwallon layi da tsallen igiya suke samun wuri. Yaran da ke Islamiyyar yamma ma wannan ɗin ba su da shi sai Alhamis da Juma'a. Idan aka ba yaro awa 1 aka bar shi ya zaɓi lokacin da zai ci ta, sau da yawa wannan yammacin zai cinye, don a lokacin ne ya huta, batir ya cika, uwa tana kicin. A lissafin manhaja bai karya doka ba, amma wasan ranar ya tafi.

Dabarar da ta fi ita ce a juya lokacin kullen. Maimakon a sa shi daga 9 na dare zuwa 6 na safe kamar yadda aka saba, a sa ya fara daga 4 na yamma ya zarce har 2 na ranar gobe. Ta haka wayar ba za ta buɗu ba sai tsakanin azahar da la'asar, lokacin da dama zaman inuwa ne dole. Yamma ta kuɓuta, dare ma ya kuɓuta, ba sauran kallo a ƙarƙashin bargo ko gidan sauro. Manhajar Alƙur'ani da ƙamus da abin aikin gida sai a sa su cikin waɗanda ba a ƙidaya musu lokaci, a kuma gwada a gani ko suna buɗuwa bayan wayar ta kulle, domin akwai saitin da ke kula da hakan kuma wurinsa yana sauyawa idan an sabunta manhajar. Wanda yaransa ke Islamiyyar yamma ya fi tsananta kullen a ranakun Alhamis da Juma'a da safiyar hutu.

Dalilin nacewa a kan hasken rana har da ido. Zama a waje yana rage yiwuwar yaro ya kamu da matsalar rashin ganin nesa, wadda ke sa a fara sa gilashi tun ana firamare. A Taiwan, daga 2010 aka ƙarfafa wa makarantu gwiwa su riƙa fitar da yara waje minti 120 a kullum, kuma matsalar da ta yi shekaru tana hawa ta fara sauka. Ba sai yaro ya tsaya cikin rana ba. Hasken gindin bishiya ko na tsakar gida ya ninka na ɗaki sau da yawa, saboda haka yarinyar da ba a bari ta fita layi, idan tana carafke ko 'yar gala-gala a tsakar gida da yamma, ta samu rabonta.

Yanzu ga inda take ba da wahala. Rukunin iyali na Google, wato inda ake haɗa asusun iyaye da na yara, mutum 6 kawai yake ɗauka, har da wanda ya buɗe shi. Idan uba da uwa duka suka shiga, gurbin yara 4 ya rage. A gidan da ke da mata biyu da yara goma wannan bai kai ko'ina ba. Mafita ita ce kowace uwa ta buɗe nata rukunin da asusunta ta sa 'ya'yan ɗakinta. A yi shawara tun farko wa zai riƙe wa, domin mutum ba ya zama a rukuni biyu lokaci guda, kuma sauya rukuni sau ɗaya ake yarda da shi a wata 12.

Na biyu, data. Iyakar da aka riga aka sa tana ci gaba da aiki ko babu intanet, amma sabon umarni ba ya isa wayar yaro sai ta hau intanet. Uba yana kasuwa ya danna kulle, data ta ƙare a gida, wayar za ta ci gaba da aiki abinta. Nuna inda yaro yake a taswira ma haka ne, sai waya tana kunne, da data, da saitin wuri a buɗe, don haka kada a dogara da shi a matsayin tsaro. Idan wayar ta kulle babu intanet kuma ana son buɗewa, akwai lambar iyaye da ake ɗauka daga manhajar babba a shigar. Tana canzawa bayan ɗan lokaci, ko yaro ya leƙa ya haddace ba za ta daɗe tana yi masa amfani ba. Wasu wayoyin kuma suna da tsarin tsimin batir mai kashe manhajojin da ke aiki a bayan fage, wanda kan jinkirta saƙo tsakanin wayoyin biyu. A shiga saitin batir a cire Family Link daga cikin waɗanda ake kashewa.

Na uku ya fi damuna. Tacewar da take yi ta tsaya ne a kan kayan Google: bincike, Chrome, Play Store, YouTube. Fim ɗin da aka turo ta Xender, ko aka loda a memori a wurin masu turi a bakin kasuwa, ba ta san abin da ke cikinsa ba. Ba ta karanta saƙon WhatsApp, ba ta nuna wa iyaye abin da ke kan allo. Sunan manhaja da mintunan da aka yi a cikinta kawai za a gani. Ƙari a kan haka, manhajojin da suka zo a gine cikin tsarin waya ba a iya sa musu iyaka ɗaya-ɗaya, kuma a wasu wayoyin abin kunna bidiyo yana cikinsu. Iyakar yini da lokacin kulle ne kaɗai ke kama su. Saboda haka duba ma'ajiyar bidiyo da hannu lokaci-lokaci bai faɗi ba, a kuma bar saitin hana sauke manhaja daga wajen Play Store a rufe yadda ya zo.

Akwai kuma gidajen da yaro ba shi da waya, ta uwarsa yake karɓa, kuma su ne suka fi yawa. A nan Family Link ba ta da wani amfani, tunda asusun babba ne a kan wayar. Abin da ya fi dacewa shi ne maƙale allo, wanda ke cikin saitin tsaro na Android: a buɗe manhaja ɗaya, a maƙale ta, a sa sai da lambar sirri za a fita. Agogon Digital Wellbeing, wani sashe na saitin Android, ma yana rufe manhaja idan mintunanta sun cika, amma ba shi da kalmar sirri, ɗan shekara 8 zai cire shi cikin minti ɗaya. Yaron da ke riƙe da iPhone kuma, iyakar lokacin Family Link ba ta aiki a kanta, sai a nemi Screen Time na Apple.

Makon farko za a sha kuka da fushi, musamman idan kullen ya zo a tsakiyar wasa. A gaya wa yaro tsarin tun kafin a kunna, a nuna masa inda zai ga mintunan da suka rage. A kuma tanadi abin da zai tarar idan allon ya rufe ƙarfe 4: ƙwallon roba, igiya mai tsawon mita 3 zuwa 4 don tsallen mutum uku, tsohuwar tayar keke da sanda, ko keke daidai tsawonsa wanda ƙafafunsa ke taɓa ƙasa idan ya zauna a sirdi. A duba wurin wasan da ido: kwata a buɗe, fasassun kwalabe, layin da babura da A Daidaita Sahu ke yanke hanya ta cikinsa. Idan layin bai yi ba, a haɗa kai da maƙwabta biyu ko uku a sa lokacin kulle iri ɗaya, yaran su taru a tsakar gidan da ya fi faɗi, babba ɗaya yana kusa. In ba haka ba, wanda wayarsa ta kulle gidan abokinsa zai tafi ya zauna kusa da shi su kalli tasa. Lokacin hunturu, yaro mai asma a rage masa gudu ranar da ƙura ta yi yawa, da damina kuma a shigo da su kafin magariba saboda sauro.