Hawan Dutsen Haruna a Petra da ɗan rakiya

Dinari 55 na biya kuɗin shiga Petra, tsohon birnin da ke ƙasar Jodan, na kwana biyu. Ranar farko na bi ayarin baƙi ta Sik, lungun nan mai tsawon fiye da kilomita ɗaya a tsakanin duwatsu, har gaban Khazna, ginin da Nabatawa, mutanen da suka gina birnin, suka sassaƙa a jikin dutse. Amma rana ta biyu ce ta kawo ni: Jabal Harun, dutsen da ake cewa a kansa aka binne Annabi Haruna, amincin Allah ya tabbata a gare shi.

Ta wani ƙaramin ofis a garin Wadi Musa na ɗauki ɗan rakiya. Bari in fara da abin da ya ɓata min rai. Mai ofishin ya ce awa huɗu ce, zuwa da dawowa, gora ɗaya ta ruwa ta isa. Mun yi kusan awa bakwai. Wannan ba ƙaramin sakaci ba ne a wurin da inuwa ke wuyar samu, da tsoho ne ko mai hawan jini da an shiga uku.

Ɗan rakiyar ne ya rufa asiri. Dattijo ne ɗan kabilar Badul, waɗanda suka zauna a kogunan Petra kafin a mayar da su ƙauyen Umm Sayhun. Da ya ga gorata sai ya girgiza kai, ya ɗora ƙarin ruwa a kan jakinsa. Mun bar Ƙasr al-Bint, wani tsohon gidan bauta a tsakiyar Petra, da sanyin safiya, muka wuce wani sassaƙen maciji da ya naɗe a kan dutse, wanda da ni kaɗai ne ba zan lura da shi ba. Duk inda ya ga numfashina ya yi sama sai ya ce, "Ya Hajji, shuwayya shuwayya," wato a hankali, ya tsaya kamar shi ne ya gaji. A gindin wata bishiya ya haɗa ƙirare, ya dafa shayi a baƙar buta, mai zaƙi har da ganye mai ƙamshi.

Dab da ƙololuwa akwai fili mai kufan gidan ibadar Kiristoci na zamanin Rumawa, wanda masana daga Finlan suka tono. Sai tsohuwar ma'ajiyar ruwa mai bakan gizo na dutse, sannan matakalar ƙarshe da ta fi ko'ina tsauri, gwiwa na rawa.

A sama, wajen mita 1,350, ɗan farin ɗaki ne mai ƙubba, ginin zamanin Mamluk na ƙarni na 14. Ba ado, ba hayaniya, sai iska. Na cire takalmi, na yi sallama, na zauna. Ta yamma kwarin Araba ne shimfiɗe har inda ido ya ƙare, can kuma ga Dair, wani sassaƙaƙƙen ginin Petra da ya cika min ido jiya, ya koma kamar akwatin ashana. A nan dattijon ya ba ni labarin Burckhardt, Baturen Suwizalan da ya shigo Petra a 1812 da hujjar zai yanka akuya saboda Annabi Haruna.

Wanda zai je ya tashi bayan asuba, ya riƙi ruwa aƙalla lita uku, ya sa takalmi mai kama ƙasa, ya kuma tambaya tun a ƙasa ko ɗakin zai kasance a buɗe. Ofishin ba zan koma masa ba. Dattijon kuwa na ƙara masa a kan ladarsa, sai da na matsa sannan ya karɓa.